Rigar da Na Ɗinka wa Motar Kawu

Ranar da muka ɗauko Inna daga asibiti a Birnin Kudu za mu kai ta gida Dingaya, ba na jin za ta fita daga raina har a rufe ni da ƙasa. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ji fanka tana gurnani a gaban mota sai hannuna ya tafi aljihu yana laluben reza. Na daɗe ban ba kowa labarin nan ba. Yanzu ma ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma sun san kansu.

Ni tela ne, amma ba na ɗinkin kayan sawa. Rumfata tana Gwaram kusa da tasha, ina ɗinka rigunan kujerun babur da na mota. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba ma barin sabon abu tsirara. Mutum ya sayi babur, kafin ya koyi hawa sai ya kawo an naɗe tanki da leda, an yi wa kujera riga mai geza. Waya riga, rediyo riga, har abin canza tashar talabijin sai an sa shi a leda an ɗaure da kyauro. Da wannan ɗabi'a nake ci da iyalina, don haka ban taɓa ganin aibinta ba.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ɗan kasuwa ne, yana zaune a Birnin Kudu, yana da shaguna a Kano. Shi ne ya fara shigo da mota mai aiki da lantarki cikin danginmu, kai har ma a unguwarsu. Fara ce tas, ba ta da salansa, ba ta shan mai, ba ta ƙara. Ya shimfiɗa farantan sola a rufin gidansa yana yi mata caji. Allon da ke gaban direba duk rubutun mutanen Sin ne, ba wanda ya iya karantawa, shi ma bai iya ba. Ya dai haddace wurare uku ko huɗu da yake dannawa, ya ɗauki hakan a matsayin ilimi. In ya je ɗaurin aure ba ya fitowa da wuri. Sai ya zauna a ciki gilashi a rufe, har sai mutane sun taru sun leƙa, sannan ya buɗe ƙofa a hankali don sanyin esi ya bugi na kusa.

Da sanyin shekarar da abin ya faru ya kawo mini ita rumfa. Ya ce tsakuwar hanya tana yi wa fentin gaba tabo, in ɗinka mata riga ta baƙar leda mai kauri, irin wadda muke yi wa kujerun bas, ta rufe tun daga bakin murfin gaba har ƙasan bamba. Na durƙusa ina awo, sai na ga wata doguwar kafa can ƙasa, mai raga-raga, faɗinta bai wuce tafin hannu ba.

Na ce, "Kawu, nan fa? In bar masa taga?"

Ya ce, "Tagar me? Wannan ba irin akwalar da ka saba gani ba ce. Ba ta da inji, me za ta yi da iska? Rufe mini shi ruf, ta nan datti yake shiga."

Na rufe. Kuma na yi aiki mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na ninka bakin sau biyu, na sa igiyoyin roba da ƙugiya shida ta ƙasa yadda ko iska ba za ta ɗaga ta ba. Da zare ruwan zinare na zana masa tauraro a tsakiya. Ya yi ta zagaya motar yana gyaɗa kai. Duk lokacin sanyin nan bai ga wata matsala ba, domin zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, kuma na'urar ɗumi yake kunnawa da safe yana ba mutane labari cewa motarsa har hura wuta take yi.

Da bazara ta kama, ciwon Inna ya tashi. Mun yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ni da ƙanwata muna jinya. Kawu ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana amsa waya. A rana ta goma sha ɗaya likita ya kira ni gefe ya yi mini magana a hankali. Ban buƙaci ya maimaita ba. Ita ma Inna ta gane, domin da na dawo ta kalle ni ta ce, "Kai, ku kai ni gida." Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai" take ce mini tun ina yaro.

Ba ɗakinta kawai take so ba. Akwai Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda suke gida ɗaya tun da aka kawo Inna amarya. Shekara biyu ba sa magana, a kan akuyar Gwaggo da ta cinye wa Inna waken da ta shanya. Abin dariya ne in ka ji, amma tsofaffin nan biyu sun riƙe shi da gaske, kowacce tana jiran ɗaya ta fara. Gwaggo ƙafa ta hana ta fita, kunnenta kuma ya yi nauyi, waya ba ta yi mata amfani, sai an kama hannunta an yi magana a bakin kunnenta. Inna ta ce, "Ina so in riƙe hannunta in ce ta yafe mini, ni dai na yafe mata. Kada in tafi da wannan a wuyana." Abin da ta roƙa ke nan, ba ta roƙi komai ba bayan shi.

Na je tasha na samu wani direba da na sani, mai tsohuwar mota amma lafiyayya, muka yi da shi zai zo da hantsi. Da Kawu ya ji, sai ga shi har cikin ɗakin marasa lafiya, babbar riga tana jan ƙasa.

Ya ce, "Ina raye a ɗauki yayata a motar haya? Me kake so mutane su ce? A wannan zafin? Sallami mutumin nan. A cikin sanyi za ta je gida, ko girgiza ba za ta ji ba."

Na sallami direban. Na ma ji daɗi a lokacin, Allah ya sani, na ce ko ba komai yau Kawu ya tuna da wadda ta goya shi. Ya ce zai zo da hantsi, bai zo ba sai da rana ta take tsaka, wai ya tsaya an wanke motar.

Muka kwantar da Inna a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwata. Ni ina gaba. Da muka tashi, sanyi ya cika motar, Inna ta lumshe ido ta ce, "Auta, motar nan taka da daɗi." Haka take kiransa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ba ki ga komai ba." Ya taka ta sosai da muka fita gari, don ta gani.

Ba mu yi nisa ba na fara jin wani gurnani daga gaba, kamar ana niƙa a nesa. Motar da ba ta ƙara, yau ga ta tana kuka. Sai sanyin ya fara raguwa. Iska tana fitowa, amma ba ta da rai, can kuma ta koma ɗumi kamar numfashin mutum. Kawu ya danna wurarensa uku da ya haddace, ya sake dannawa, ya bugi allon da yatsa. Daga nan wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allon, ruwan ɗorawa, motar ta rage gudu da kanta. Yana taka ta, tana tafiya kamar amalanke. Babura suna wuce mu, har wani mai kaya niƙi-niƙi ya waiwayo yana kallonmu.

Ƙanwata ta ce, "Kawu, a sauke gilashi mana, Inna tana gumi."

Ya ce, "Bari, yanzu zai dawo."

Sai da ta sake faɗa sannan ya sauke na baya rabi. Nasa bai sauke ba. Yana zaune zufa tana bin wuyansa tana jiƙa hula, amma gilashinsa a rufe, kada wani wanda ya san shi ya wuce ya gani.

A haka muka lallaɓa har Gwaram, an riga an yi azahar. Wannan wurin nake so mai karatu ya riƙe: motar tana tafiya. A hankali ne, amma tana tafiya, kuma abin da ya rage mana zuwa Dingaya ba shi da yawa a kan wanda muka baro. Da mun miƙe, da mun isa kafin la'asar ko da tafiyar kunkurun ce. Amma ranar kasuwa ce, gari cike da mutane, kuma Kawu ya hango yadda zai shiga ƙauyen da aka haife shi, gilashi a sauke, yana rarrafe, jama'a suna kallo. Sai ya karya kan mota ya nufi wata rumfa a bayan kasuwa.

Na ce, "Kawu, da mun wuce kawai."

Ya ce, "Minti biyar. Gas ne ya ƙare. Ba zan shigar da Yaya gari a cikin tanda ba."

Mai rumfar na san shi, kowa a Gwaram ya san shi. Firij da firizar masu ƙanƙara yake gyarawa, yana kuma yi wa motoci ɗurin gas na esi. Shi ya sa wa kansa suna Injiniya, ya rubuta a allo da jan fenti. Ban taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. Da za ka kai masa jirgin sama, cewa zai yi ka ajiye ka dawo bayan la'asar. Da ya ga motar, idonsa ya yi haske, ya goge hannu a wando ya taso.

"Alhaji, barka da zuwa! Irin wannan ai na gyara su da yawa a Kano. Buɗe mini gaba."

Aka buɗe murfin gaba. Maimakon inji sai ga wani akwati na roba, a ciki akwai dardumar Kawu da takalminsa na zuwa biki. Injiniya ya tsaya yana kallon takalmin. Mutanen kasuwa sun fara taruwa. Ya cire akwatin, ya leƙa, ya ga wayoyi masu kauri ruwan lemo da bututu iri-iri. Ya zura hannu yana lalube, can ya ɗago da fuskar wanda ya gano gaskiya.

Ya ce, "Na gani. Bel ɗin kwamfiresa ne ya tsinke ya faɗi a hanya."

Wani mai sayar da rake da ke gefe ya ce, "Injiniya, na ji an ce irin waɗannan ba su da bel."

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Na sani mana. Gwada ku nake yi."

Aka yi dariya, har da Kawu. Inna tana kwance a baya, ƙanwata tana yi mata fifita da murfin kwali.

Sai ya shiga mazaunin direba ya ce zai duba kwamfutar motar. Ya dinga danna rubutun da bai san ko harafi ɗaya a ciki ba, yana gyaɗa kai kamar mai karanta wasiƙa. Ban san abin da ya taɓa ba, sai iska mai zafi ta taso daga ƙarƙashin kujeru da ƙarfi, irin wadda ke fitowa daga bakin murhun mai burodi. Na'urar ɗumi ya kunna, a tsakiyar bazara, a kan mace mai jinya. Inna ta yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa ba. Ƙanwata ta yi ihu ta ce, "Ku fitar da ita! Za ku dafa ta ne?" Injiniya ya ce, "Alama ce mai kyau, layin zafi yana aiki, saura na sanyi." Bai san yadda zai kashe ba, sai da Kawu ya kashe motar gaba ɗaya.

Muka ciccibi Inna muka kai ta gindin wata darbejiya. Wasu mata daga gidan da ke kusa suka fito da tabarma da mafici da ruwa a kwano, ba su tambayi ko mu su waye ba. Ɗaya ta cire mayafinta ta kare ta daga idon mutane. A duk taron nan su kaɗai suka kalli marar lafiyar. Sauran duk mota suke kallo.

Da aka sake kunna motar, na zo ta gabanta zan wuce, sai na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Fankar ciki tana gurnani, kuma rigar da na ɗinka ta lotsa daga ƙasa, daidai wurin doguwar kafar nan, ta manne ciki kamar kumatun mai zuƙar abu. Motar tana neman iska, ledata ta toshe mata hanci. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san keken ɗinkina mai lantarki in na bar ƙyalle a kan ramukan injinsa zafi yake yi. Rezar da nake farke ɗinki tana aljihun gaban rigata.

Na matsa kusa da Kawu na rage murya na ce, "Kawu, ko a cire rigar nan? Kamar iska take nema."

Ya kalle ni sama da ƙasa a gaban mutane ya ce, "Kai tela ne ko makanike?"

Injiniya ya ce, "Malam, ka bar wa masu abu abinsu. Lantarki ba ya numfashi. Ka taɓa ganin ƙwan fitila da hanci?"

Aka sake yin dariya. Na ji kunya ta rufe ni. Kawuna ne, ya girme ni, yana da arziki, ga jama'a. Na cire hannuna daga aljihu na koma gindin bishiya. Wannan komawar ita ce abin da ban yafe wa kaina ba.

Injiniya ya jawo silindarsa ta gas da tiyo, ya samo wani bututu ya ɗaura. Ya ce gas ya yi ƙasa, kuma kwamfiresa ta bushe, shi ya sa take kuka. Ya ɗauko wata gora da ya zuba mai a ciki, irin wanda yake sa wa kowace mota da ta zo, ya zuƙa da sirinji ya ɗura, ya bi da gas. Ba awo, ba tambaya. Ya ce a kunna. Iska ta fito da ɗan sanyi-sanyi, Kawu ya sa hannu ya ce, "Allahu akbar! Ka ga aiki!" Mutane suka fara yi wa Injiniya kirari, yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Ba a gama kirarin ba allon ya koma ja, wani abu ya yi ƙara sau uku, motar ta mutu. Aka danna, aka sake dannawa, ko motsi. Injiniya ya ce a tura. Majiya ƙarfi shida suka dafa, tayoyin suka ƙi juyawa.

Ya ce, "To, wannan kuma daga kamfani ne. Dama motocin nan ba a yi su don ƙasarmu ba."

Na ce zan nemo wata mota. Kawu ya ce in dakata, yana kiran wanda ya sayar masa a Kano. Ya yi ta zagaye da waya a kunne, yana faɗa, yana cewa an cuce shi. Na dakata. Har a lokacin ina jiran izini. Sai da Inna ta buɗe ido ta ce, "Kai, mun iso ne?" sannan na tashi na ruga tasha ban waiwayi kowa ba.

Ranar kasuwa mota ba ta zama. Duk wadda na samu ta cika ko tana lodi. Wani dattijo mai ƙaramar bas, wanda na taɓa yi wa rigar kujeru, ya ji abin da nake faɗa, ya juya ya ce wa fasinjojinsa, "Ku yi haƙuri ku sauka, marar lafiya ce." Suka sauka ba gardama, har suka taya shi sauke buhuna. Bas ɗin nan ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, gilashi biyu babu. Muka shimfiɗa tabarmar matan nan a tsakiya muka kwantar da Inna. Kawu bai biyo mu ba. Ya ce ba zai bar motar a hannun mutanen kasuwa ba, zai taho daga baya.

Iska tana shigowa ta tagogin da ba gilashi, tana kaɗa bakin ɗankwalin Inna. Ta ɗan buɗe ido ta ce, "Yauwa, iska." Bayan ɗan lokaci ta sake tambaya ko mun iso. Ƙanwata ta ce, "Mun kusa, Inna, ga gonakinmu can." Ba gonakinmu ba ne, da saura. Na riƙe hannunta ina yi mata kalmar shahada, tana bi, muryarta tana ƙanƙancewa. Ana kiran la'asar a wani ƙauye da muka ratsa hannun ya saki. Direban ya duba madubi, ya rage gudu, ya yi salati.

Da muka isa, Gwaggo tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna. An gaya mata tun safe cewa muna tafe. Da jan gindi ta share ɗakin, ta sa aka wanke randa aka cika da ruwa, ta sa aka ɗaure akuyar a bayan gida. Da aka shigo da Inna aka kwantar, ba ta gane ba, domin ba ta ji salatin da ake yi. Ta matso ta kama hannunta ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Kin dawo? Na yafe miki, ke ma ki yafe mini." Ta karkata kunnenta wajen bakin Inna tana jiran amsa. Ni aka bar wa in kama ɗaya hannun nata in gaya mata.

Kawu ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, a bayan babur.

Bayan addu'ar uku wani mutum ya zo daga Kano duba motar, tana nan inda muka bar ta an lulluɓe da tamfol. Kawu ya sa aka kira ni in kwance rigar kada ta ɓaci wajen aiki. Mutumin ba shi da yawan magana, ɗan siriri ne, da wata ƙaramar na'ura a jaka. Kafin ya taɓa komai sai da ya zagaya motar sau biyu. Ya durƙusa a gaba, ya shafa ledar, ya ce, "Wa ya ɗinka wannan?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Ɗinkin ya yi kyau." Sannan ya ce, "Tun yaushe take jiki?"

Ya yi mana bayani a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce ta kafar nan motar take shan iskar da ke fitar da zafin esi, kuma esin ba mutane kaɗai yake sanyayawa ba, har da babban batirin da ke ƙarƙashin motar. Da zafi ya rasa hanyar fita, sai motar ta hana mu sanyin ta ba batir, da abin ya ci tura ta rage gudu don ta kare kanta. Kunkurun nan ba lalacewa ba ce, roƙo take yi a sassauta mata. Ya ce gas ɗinta bai ragu ba ko kaɗan. Man da aka ɗura kuwa na motocin fetur ne, ita kwamfiresarta lantarki ne a cikinta, tana da nata mai na daban wanda wuta ba ta bi. Da aka sa wancan, motar ta ji wuta tana neman zirarewa, ta kashe kanta don kada ta kashe wani.

Na ce, "Malam, da an cire rigar a hanya fa?"

Ya kalle ni, ina jin an riga an ba shi labari. Ya ce, "Da kun tsaya a inuwa kaɗan ta huce, da kun tafi." Sai ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙanta." Akwai abin da Kawu ya tambaye shi game da allon, ya ce, "Wannan ban sani ba, sai na tambaya." A duk kwanakin nan shi ne mutum na farko da na ji ya faɗi haka, kuma shi kaɗai ne ya san abin da yake yi.

Kawu bai ce komai ba a kan rigar, har yau. In zancen ya taso cewa yake yi, "Kwana ne ya ƙare." Injiniya yana nan a rumfarsa, ya ma ƙara rubutu a allonsa cewa yana gyaran motocin lantarki. Ban musa wa Kawu ba. Kwanan Inna ya ƙare, kuma an rubuta mata inda za ta cika tun kafin a ƙera motar. Ban taɓa cewa da mun isa da ta rayu ba. Amma ba rai ta roƙe mu ba, hannun Gwaggo ta roƙa, kuma wannan yana cikin abin da za mu iya. Mutum uku muka taru muka hana ta: wanda ya fi jin kunyar sauke gilashi a kan ya ga yayarsa tana gumi, da wanda bakinsa bai iya furta "ban sani ba", da ni, da na gani da idona, reza tana aljihuna, na koma na zauna don kada a yi mini dariya. Na daɗe ina raina biyun farko kafin na yarda cewa na ukun ne ya fi su sanin gaskiya, don haka shi ya fi su laifi.

Har yanzu ina ɗinka riguna, da su nake ci. Amma duk abin da aka kawo mini, mota ko babur ko janareta, sai na durƙusa na nemi inda yake shan iska, na bar masa taga, ko mai shi ya so ko bai so ba. Wasu sun yi fushi sun tafi wajen wani, na bar su. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, girmama babba ba ya nufin ka ga ana toshe wa abu hanci ka yi shiru. In ka ga gaskiya kuma akwai wanda zai cutu, ka faɗa, in an yi dariya ka sake faɗa, in an ƙi ji ka sa hannu. Dariyar mutanen kasuwar nan da na guje wa ba ta kai magariba ba kowa ya manta da ita. Gwaggo kuwa ta rayu shekara guda bayan Inna, kuma duk ranar da na je gaishe ta sai ta jawo hannuna ta tambaye ni, "Ka tabbata ba ta ce komai ba a hanya?" Ina gaya mata cewa ta ce ta yafe. Ta faɗa ɗin, a asibiti, a gabana. Amma ba a kunnena ya kamata ta faɗa ba.